Dakatarwa, Ɗagewa, Fasawa da Sokewa: Darasi Daga Kakar Wasannin da Annobar Korona ta Cinye

1.0 Gabatarwa

A ranar 15 ga Satumba, 2020, masu shirya gasar zakarun ƙungiyoyin wasan hoki na ƙanƙara ta nahiyar Turai, wadda ake kira Champions Hockey League, suka ba da sanarwar cewa ba za a buga kakar 2020/21 ba saboda annobar korona. Wata biyu kafin haka, a watan Yuli, Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Nijeriya, wato NFF, ita ma ta yanke hukunci a kan gasanninta na kakar 2019/20, hukuncin da ya shafi ƙungiyarmu ta nan Maiduguri, El-Kanemi Warriors. A wannan shekara kunnen Bahaushe ya sha jin kalmomi huɗu: an dakatar, an ɗage, an fasa, an soke. Sau da yawa mukan yi amfani da su kamar ma'anarsu ɗaya ce. Amma Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane.

Manufata a wannan maƙala ita ce in nuna wa 'yan'uwana ɗaliban harshe cewa kowace ɗaya daga cikin waɗannan kalmomi tana da gurbinta, kuma mai fassara ko mai rubuta labari da ya sa wata a gurbin wata ya ba da labarin abin da bai faru ba. Zan fara da kawo abin da ya auku, sannan in ɗauki kalmomin ɗaya bayan ɗaya, daga nan in nuna tarkon da ƙa'idojin rubutu ke ɗana wa mai rubuta su. Jimlolin da na kawo a matsayin misali ni na tsara su domin wannan darasi.

2.0 Abin da ya Faru

2.1 A Turai

Mutumin Maiduguri, inda zafin watan Afrilu kan haura digiri 40, yana da haƙƙin a bayyana masa wannan wasa tukuna. Ana yin sa ne a kan daskararren ruwa mai santsi, ba a kan dusar ƙanƙara ba. 'Yan wasa kan sa takalma masu ƙarfe kamar kaifin wuƙa a ƙarƙashinsu, suna sulɓi a kai, kowa riƙe da sanda mai lanƙwasa. Kowane ɓangare mutum 6 ne har da mai tsaron gida, kuma ana buga zango 3, kowane zango minti 20. Abin da ake bugawa ba mulmulalle ba ne, wani ɗan faifan baƙar roba ne mai tauri. Wannan ya sa na zaɓi in ce "hoki na ƙanƙara" maimakon in fara da kalmar "ƙwallo", domin asalin ƙwallo a Hausa shi ne na goruba ko na mangwaro, kuma duk inda aka faɗaɗa ma'anarsa siffar mulmulewa tana biye da shi.

Gasar da muke magana a kanta ta ƙungiyoyi ce, ba ta ƙasashe ba. An fara ta a tsarinta na yanzu a kakar 2014/15. Ƙungiyar Frölunda ta ƙasar Suwidin ce ta ɗauki kofin a watan Fabrairun 2020, 'yan makonni kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar da ta game duniya a ranar 11 ga Maris. Da farko masu gasar sun matsar da ranar fara sabuwar kaka zuwa 6 ga Oktoba, suka kuma sauya tsarin ya zama na sili ɗaya ƙwale tsakanin ƙungiyoyi 32. Amma gasar da ƙungiya za ta tashi daga Suwidin ta je Jamus ko Suwizalan ba ta yiwuwa idan kowace ƙasa tana da dokarta ta shiga da fita da ta killace baƙi. Saboda haka aka haƙura da kakar ɗungurungum, ba a buga ko wasa ɗaya ba. Sai a kakar 2021/22 aka dawo, inda Rögle, ita ma ta Suwidin, ta yi nasara.

2.2 A Nijeriya da Maiduguri

An tabbatar da mutum na farko mai ɗauke da cutar a Nijeriya ranar 27 ga Fabrairu, 2020 a Legas, ta kuma iso Jihar Borno a watan Afrilu. Babbar gasar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, mai ƙungiyoyi 20, ta tsaya a watan Maris bayan an buga mako na 25 daga cikin 38. A watan Yuli aka yanke cewa ba za a ci gaba ba. Maimakon haka aka raba makin kowace ƙungiya da yawan wasannin da ta buga. Plateau United ta Jos, mai maki 49 a wasa 25, ita ce a sama, amma ba a naɗa ta zakara ba. Rivers United tana da maki 45 a wasa 25, Enyimba kuma 36 a wasa 20, wato kowace ta tashi da 1.8 ke nan. Aka sa Enyimba a matsayi na biyu, ta bi Plateau United zuwa gasar zakarun Afirka, Rivers United kuwa aka tura ta ƙaramar gasar tare da Kano Pillars. Rivers United ba ta ji daɗin wannan lissafi ba, ta kuma fito fili ta faɗa.

Ina El-Kanemi Warriors a nan? Wannan ƙungiya ba baƙuwar gasar ƙasa da ƙasa ba ce. Ta ɗauki kofin ƙalubale na Nijeriya a 1991 da 1992, kuma a 1993 ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar Afirka ta masu riƙe da kofi, inda Al Ahly ta Masar ta fitar da ita. Rashin tsaro ya taɓa raba ta da gida, ta riƙa karɓar baƙi a Kano da Katsina, har ta dawo Maiduguri a 2016. Amma a 2019 ta faɗa rukuni na biyu. Burinta a kakar 2019/20 shi ne ta koma sama. Hukuncin watan Yuli kuwa cewa ya yi ba mai hawa, ba mai sauka. Ke nan shekara guda ta tafi a banza, kuma ƙungiyar ba ta samu hawa ba sai a 2022.

A nan ne kalmar "kaka" ke nuna dacewarta. Kaka lokacin girbi ne, kuma a al'adance a cikinta ake dambe da kokawa bayan amfani ya zo gida. Da aka faɗaɗa ma'anarta aka ce "kakar wasa", an taho da tunanin cewa a ƙarshenta akwai abin da za a girba. Tambayar da kalmominmu za su amsa ita ce: me ya sami girbin?

3.0 Kalmomin Ɗaya Bayan Ɗaya

Zan yi amfani da rabe-raben aikatau na Parsons (1960), wanda ya kasa aikatan Hausa zuwa giredi 7, domin giredin kalma yakan haska ma'anarta.

3.1 Dakatar

Tushenta "dakata", aikatau ƙi-karɓau na giredi na 3, kamar a "mota ta dakata". Idan aka ce "dakatar" an koma giredi na 5, mai nuna wani ne ya sa abin ya faru, kuma yana buƙatar "da" kafin karɓau:

(1) An dakatar da gasar a watan Maris.

Abu biyu ne a cikin wannan kalma. Na farko, abin ya riga ya fara tafiya. Na biyu, ba a rufe ƙofar dawowa ba, ko da yake ba a sa rana ba. Gasar Firimiya ta Ingila ita ce misali mafi kyau: an dakatar da ita ranar 13 ga Maris, 2020, aka dawo ranar 17 ga Yuni, aka ɗora daga inda aka tsaya, Liverpool ta ɗauki kofi. Tsakanin Maris da Yuli, abin da ya dace a faɗa game da gasar Nijeriya shi ne "an dakatar". Bayan hukuncin Yuli kuwa kalmar ta daina aiki.

3.2 Ɗage

Tushenta "ɗaga" na giredi na 1, ita kuma tana giredi na 4. Hoton da ke cikinta shi ne an ciccibi abu daga inda yake an kai shi gaba. Abin da ake ɗagewa a haƙiƙa rana ce, kamar yadda ake ɗage ranar ɗaurin aure idan shiri bai kammala ba. Shi ya sa jimlar takan nemi "zuwa":

(2) An ɗage gasar Olamfik ta Tokyo zuwa 2021.

Haka aka yi kuwa. An sanar da ɗagewar ranar 24 ga Maris, 2020, aka buɗe gasar ranar 23 ga Yuli, 2021. A gida ma an ɗage Bikin Wasanni na Ƙasa da aka shirya yi a Benin ta Jihar Edo a 2020, aka yi shi a watan Afrilun 2021. Matsar da ranar fara gasar hoki zuwa 6 ga Oktoba shi ma ɗagewa ne.

Sai dai wannan kalma tana da fuska biyu. Dubi wannan jimla:

(3) An ɗage dokar hana fita.

A nan ma'anar da aka fi ɗauka ita ce an janye dokar, kowa ya fita harkarsa. Amma idan dokar ba ta fara aiki ba, ana iya fahimtar cewa ranar fara ta aka matsar. A garin da aka hana zirga-zirga, kamar yadda aka yi a Maiduguri daga ƙarshen Afrilun 2020, wannan harshen damo zai iya jefa ɗan kasuwa a hannun jami'an tsaro. Maganinsa shi ne a ce "an janye dokar" idan cire ta aka yi, ko "an ɗage ranar fara dokar zuwa kaza" idan matsarwa ce.

3.3 Fasa

Aikatau ne na giredi na 1, kuma yakan ɗauki sunan aiki a bayansa: fasa tafiya, fasa aure, fasa ciniki. Sharaɗinsa shi ne abin bai fara ba, niyya ce aka warware. Wanda ya kai Damaturu a hanyarsa ta zuwa Kano sannan ya juyo, ba za mu ce ya fasa fita daga gida ba.

(4) An fasa buga kakar 2020/21 ta hoki na ƙanƙara.

Wannan jimla daidai ce, domin ba a buga ko wasa ɗaya ba. Haka gasar tanis ta Wimbledon ta 2020, wadda aka sanar ranar 1 ga Afrilu cewa ba za a yi ba, karo na farko tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Amma kuskure ne a ce "an fasa gasar Nijeriya ta 2019/20", tunda an sha gumi a mako 25.

3.4 Soke

Tana giredi na 4, kuma danginta su ne "soka" da "suka". Hoton da ke cikinta shi ne na alƙalamin da aka ja a kan rubutu don a kashe shi. Bambancinta da "fasa" shi ne ta fi kama da hukuncin mai iko: hukuma ke soke zaɓe, kotu ke soke hukunci, makaranta ke soke jarrabawa. Bugu da ƙari, ana iya soke abin da bai fara ba, ana kuma iya soke wanda aka yi aka gama. Abin da ya haɗa su shi ne sakamakon ba ya aiki.

(5) An soke kakar 2020/21 ta hoki na ƙanƙara.
(6) An soke kakar 2019/20 ta rukuni na biyu.

Duka biyun sun zauna. A (5) babu abin da aka shuka. A (6) an ɗan yi shuka, amma ba a girbi komai ba, domin wasannin da El-Kanemi Warriors da takwarorinta suka buga ba su kai kowa sama ba.

3.5 Katse

To, babbar gasar fa? A nan nake ganin kalmomi huɗun nan duk sun gaza. Ba dakatarwa ba ce, tunda ba a dawo ba. Ba ɗagewa ba ce, ba kuma fasawa ba. Idan muka ce an soke ta, sai mai sauraro ya tambaya: to da wane maki Plateau United da Enyimba suka tafi gasar Afirka? Abin da aka kashe ba ya ba da tikiti. Shawarata ita ce a yi amfani da "katse", ko a ce "an kawo ƙarshen gasar kafin lokacinta":

(7) An katse gasar a mako na 25, aka yi aiki da makin da aka tara.

Katsewa ma iri-iri ce, don haka dole mai labari ya ƙara bayani. Faransa ta katse tata gasar a Afrilun 2020 ta kuma naɗa Paris Saint-Germain zakara. Holan ta katse tata a wannan wata ba ta naɗa kowa ba. Nijeriya ta bi hanya irin ta Holan. Wani zai iya cewa a bakin jama'a "soke" ta riga ta mamaye wannan gurbi, kuma harshe na masu shi ne. Gaskiya ne, kuma a hirar majalisa ba wanda zai tsayar da mutum a kan haka. Amma wanda ya zauna rubuta labari ko fassara sanarwar hukuma, nauyin da ke kansa ya fi na mai hira.

4.0 Tambayoyi Uku na Mai Fassara

Kafin in zaɓi kalma, tambayoyi uku nake yi wa labarin:

(a) An fara abin ko ba a fara ba?
(b) Za a dawo a yi shi? Idan za a dawo, an sa rana?
(c) Idan ba za a dawo ba, an yi aiki da abin da aka riga aka yi?

Idan an fara kuma ana sa ran dawowa, dakatarwa ce. Idan rana aka matsar, ɗagewa ce. Idan ba a fara ba kuma an haƙura, fasawa ce ko sokewa. Idan an fara, aka haƙura, aka watsar da sakamako, sokewa ce. Idan an fara, aka haƙura, amma aka lissafa sakamako, katsewa ce.

Wannan ma'auni bai tsaya ga wasa ba. Jarrabawar kammala sakandare ta WAEC ta 2020 ɗage ta aka yi daga Afrilu zuwa Agusta. Aikin Hajjin 2020 kuwa ba a soke shi ba, an yi shi da mutane kaɗan mazauna Saudiyya. Maniyyatan Nijeriya ne tafiyarsu ba ta yiwu ba. Wanda ya ce "an soke Hajji" ya faɗi abin da bai auku ba.

5.0 Tarkon Rubutu

Ko an zaɓi kalmar da ta dace, rubutu na iya ɓata ta ta hanya uku.

Na farko, ƙugiya. "Ɗage" da "dage" kalmomi ne mabambanta. Ta biyu tana nufin nacewa ko tsayawa kai da fata, kuma wasalinta na farko dogo ne.

(8) Ƙungiyoyi sun ɗage wasan.
(9) Ƙungiyoyi sun dage sai an yi wasan.

A (8) ba za a buga yau ba, a (9) kuwa ana matsa lamba a buga. Ma'anonin sun kusa zama kishiyoyin juna, kuma ƙugiya ɗaya ce ta raba su a ido. Da can ana fakewa da cewa keken rubutu ba shi da waɗannan baƙaƙe. Wayoyin hannu da kwamfutoci sun kawar da wannan uzuri.

Na biyu, tsawon wasali. Rubutun yau da kullum ba ya nuna bambancin "faasaa" ta janye niyya da "fasaa" ta farfasa abu. "An fasa taron" na iya nufin ba a yi shi ba, yana kuma iya nufin an tarwatsa shi ana tsakiyar yi. Idan aka sa sunan aiki aka ce "an fasa yin taron", shubuhar ta kau.

Na uku, karin sauti, kuma wannan ya fi sauran ɓoyuwa. Aikatau "soka" na giredi na 2, mai ma'anar kushewa, yakan koma "soki" kafin suna, ya koma "soke" kafin wakilin suna:

(10) Rivers United ta soki hukuncin.
(11) Rivers United ta soke shi.

Jimla ta (10) ba ta da matsala. Amma (11) a rubuce ta yi daidai da "soke" ta kashewa. A baki ana rarrabe su, domin ta kushewa tana da karin ƙasa-sama, ta kashewa kuma sama-ƙasa. A takarda babu wannan taimako, sai mai karatu ya zaci ƙungiya ce ta rushe hukuncin hukuma, alhali ba ta da wannan iko. Mafita ita ce a maimaita sunan kamar a (10), ko a ce "ta yi suka a kansa".

6.0 Aikin Gwaji

Ɗalibi ya cike gurbi da kalmar da ta dace, ya kuma faɗi dalilinsa bisa tambayoyi ukun nan:

1. An ______ gasar cin kofin ƙasashen Turai daga 2020 zuwa 2021.
2. An ______ da gasar Firimiya ta Ingila na kusan wata uku.
3. An ______ gasar Faransa, aka ba Paris Saint-Germain kofi.
4. An ______ buga gasar duniya ta hoki na ƙanƙara da aka shirya yi a Suwizalan a 2020.
5. Sake rubuta wannan jimla ta hanya biyu, kowace da ma'ana ɗaya tak: "Sun soke shi."

7.0 Kammalawa

A wannan maƙala na yi ƙoƙarin nuna cewa Hausa ba ta rasa kalmomin bayyana tsayawar gasa ba, sai dai mu masu amfani da ita ne kan yi gaggawa wajen zaɓe. Kakar hoki ta Turai ta 2020/21 an ɗage ta da farko, daga baya aka soke ta. Babbar gasar Nijeriya ta 2019/20 an dakatar da ita a Maris, aka katse ta a Yuli. Ta rukuni na biyu kuwa, inda El-Kanemi Warriors take a lokacin, sokewa ce ta same ta. Ga ɗan wasan da ke jiran hawa rukuni na ɗaya don albashinsa ya ƙaru, "an ɗage" na nufin ya ci gaba da atisaye, "an soke" kuwa na nufin shekararsa ta tafi. Ina fata 'yan'uwa ɗalibai, musamman masu sha'awar aikin jarida da fassara, za su faɗaɗa wannan nazari zuwa wasu kalmomin da na tsallake, irin su "jinkirta", "jingine" da "rushe", su kuma duba yadda Kanuri da Larabcin Shuwa ke rarrabe waɗannan ma'anoni, tunda a Maiduguri labari ɗaya kan ratsa harsuna da dama kafin ya isa kunnen mai shi.